Amsa: Yadda kyanwa ke gane inda abu ya nufa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ido ne ke gaya wa kyanwa inda ɓera ya nufa, ko ƙwaƙwalwa. Yawancin aikin a ƙwaƙwalwa ake yin sa, can ta baya, a sashen da ke kula da gani.

Masana kimiyya David Hubel da Torsten Wiesel ne suka bankaɗo wannan a Amurka, suka wallafa a 1959, ya kuma kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1981. Sukan yi wa kyanwa allurar barci, su soka siririyar waya dab da ƙwayar jijiya guda a wannan sashen na ƙwaƙwalwa, su haɗa da lasifika, sannan su haska allo a gabanta. In ƙwayar ta amsa, sai ka ji tas-tas-tas kamar ana soya gugguru. Wata ƙwayar ko kallon ɗigon haske ba ta yi, sai siririn layi mai wani irin karkata. Wata ta ma fi tsirfa: a tura layin dama ta ɓarke da ƙara, a dawo da shi hagu ka ji tsit.

Sirrin yana cikin lokaci. Saƙo na zuwar wa ƙwayar daga wurare biyu maƙwabta a ido, ɗaya da ɗan jinkiri. In layin ya fara ratsa wurin mai jinkirin, saƙonnin biyu su iso tare, ƙwayar ta tashi. In ya biyo ta ɗaya ɓangaren, su saɓa, ga kuma wasu ƙwayoyin na danne ta.

Abin da ya fi burge ni: 'ya'yan kyanwar da aka raina cikin haske mai walƙiya kawai, yawancin ƙwayoyinsu sun rasa wannan zaɓin na inda abu ya nufa.