Amsa ga Yayana na Katsina: Ba Mu Bar Bishara Ba

Yaya, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan masu bi na Katsina. Sau uku na saurari saƙon muryarka kafin na iya zama in amsa. Ka ce an nuna maka hoton fastonmu na Atlanta a Amurka riƙe da kwalin zanga-zanga a bakin titi, ni kuma ina tsaye bayansa, shi ne ka tambaya ko coci muke yi a nan ko jam'iyya. Daga nan ka gangara kan auren ɗiyata da baƙar fata ɗan Amurka, ka ƙare da tambayar ko har yanzu mu Hausawa ne. Tunda a gaban dangi ka yi tambayar, a gabansu zan amsa.

Hoton gaskiya ne. An ɗauke shi a 2020, bayan da ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwa fiye da minti tara a Minneapolis, ranar 25 ga Mayu, har rai ya yi halinsa. Na fita, kuma ba wanda ya tilasta ni. Ɗana yana aikin dare, da asuba yake tuƙo mota ya dawo gida, kuma duk wanda zai tare shi a hanya ba zai tambaye shi ko kakansa mutumin Malumfashi ne ba, fatarsa kawai zai gani. Shekara ɗaya da zuwana ƙasar nan, a 1999, 'yan sanda suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, yaro ɗan ƙasar Gini, a ƙofar gidansu a New York, alhali ba ya ɗauke da makami. Tun ranar na san cewa wannan magana tamu ce, ba ta maƙwabta ba.

Amma ba wannan ne ya fi damunka ba, na sani. Tsoronka shi ne mun musanya ceto da ayyuka. To ka kwantar da hankalinka. Abin da ka koya mini a makarantar Lahadi yana nan daram: ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba don ayyukanmu ba, don kada kowa ya yi fahariya. Afisawa 2:8-9 ke nan. Ba wani a cikinmu da ya ɗauka riƙe kwali ko raba buhun shinkafa zai shigar da shi Mulkin Sama. Sai dai ina roƙonka ka ƙarasa zuwa aya ta 10, inda Bulus ya ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Ayar tana manne da 'yan'uwanta, ba mu muka ƙara ta ba.

Wannan gardama mun tarar da ita, ta girme mu duka. Tun farkon ƙarni na 20 wani fasto mai suna Walter Rauschenbusch, wanda ya yi hidima cikin matalautan New York, yake koyar da cewa aikin ikilisiya ya haɗa da gyaran zaman jama'a. Waɗansu suka bi shi har suka zarce, suka daina maganar zunubi da tuba. Waɗansu kuma suka tsorata suka ja da baya, suka ce ban da wa'azi babu ruwansu da komai. Har a 2018 wasu fastoci, cikinsu da John MacArthur, sun sa hannu a wata sanarwa suna gargaɗin cewa fafutukar neman adalci tana gurɓata bishara. Ba zan ce tsoronsu banza ba ne. Cocin da na fara zuwa a nan na yi shekara biyu cikinta ban ji an ambaci tuba ko jinin Yesu daga bagade ba, kullum sai zancen zaɓe da dokoki. Na tattara iyalina muka fita. Ka ga ba makaho ba ne ni.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma yana da tarihinsa, kuma a ƙasar da nake takawa aka yi shi. A garin Augusta na jihar nan ta Jojiya aka kafa babbar ƙungiyar Baftis ta Kudu a 1845, kan batun ko mai riƙe da bayi zai iya zama ɗan mishan. Mutane ne masu wa'azin ceto ta bangaskiya ba kuskure, amma suna sayar da 'yan'uwansu masu bi a kasuwa. Sai a 1995, a nan Atlanta, suka fito suka nemi gafara. A 1963 ma limaman addini takwas ne farar fata suka shawarci Martin Luther King, faston da ya jagoranci neman 'yancin baƙaƙen fata, da ya dakata ya yi haƙuri, shi kuma ya amsa musu daga kurkukun Birmingham. Baƙaƙen ƙasar nan ba su manta ba. In ka ce musu "ku dai yi wa'azi kawai", muryar waɗancan suke ji.

Kai da kake girmama marigayi Byang Kato na Kwoi, ka san ya yi jawabi a taron masu bishara na duniya da aka yi a birnin Lausanne a 1974, wanda Billy Graham ya kira. Alkawarin da aka fitar a can ya bambance a fili cewa 'yancin siyasa ba shi ne ceto ba, taimakon jama'a kuma ba shi ne shelar bishara ba, amma dukansu biyu nauyi ne a kan mai bi. A nan muke tsaye.

Yaya, mu bar Turawa, mu dawo gida. Ka tuna Kaka yana zaune kan buzunsa da yamma, yana nuna mana dungulmin yatsunsa? Lokacin da kuturta ta kama shi, daga nesa ake tura masa ƙwaryar fura, ko gaisawa an daina. Da ƙafa ya tafi Babbar Ruga, inda 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suke kula da kutare. Bai je neman Almasihu ba, magani ya je nema. Ya ce ranar farko wata baturiya ta durƙusa ta wanke masa gyambo da hannunta, shi kuwa ya shekara uku ba wanda ya taɓa jikinsa. Daga baya ne ya zauna ya koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka gama fassarawa a 1932, ya tuba aka yi masa baftisma. Wankin gyambon bai cece shi ba, Yesu ne ya cece shi. Amma da matar nan ta tsaya daga nesa tana karanta masa aya, anya da ni da kai muna cikin ikilisiya yau? Kuma ku ma can, da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara, ai kun tara hatsi da tabarmi, kun kai kuka wurin hukuma. Ban ji wanda ya ce kun bar bishara ba.

Maganar surukina kuwa ta yi mini zafi. Yaron nan ya zo gidana ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni da Hausar da ya kwana yana haddacewa. Ya biya sadaki, danginsa suka kawo lefe bayan mun yi musu bayanin abin da ake nufi. Kakarsa tana cikin waɗanda suka ƙaurace wa motocin haya na birnin Montgomery saboda wariyar launin fata daga Disambar 1955, kwana 381 suna tafiya a ƙasa, kuma ta ce kowace safiya da addu'a suke farawa. Tsohuwar nan ta fi ni sanin Zabura. Duk da haka ranar bikin daga gida Inna ce kaɗai ta bugo waya ta sa albarka.

Ko mu Hausawa ne? Tun muna firamare a Katsina ake ce mana wai babu Bahaushe Kirista. Kai ne kake share mini hawaye, kana cewa kakanninmu sun riga kowa noman ƙasar nan. Ban taɓa zaton daga bakinka zan sake jin tambayar ba. Lahadin ƙarshen kowane wata muna yin sujada da Hausa, mu da mutanen Filato da Kudancin Kaduna da wasu daga Maraɗi, zumuntar mata kuma ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Ba zan ɓoye maka ba, Hausar jikata a karye take, kuma abin yana hana ni barci wani lokaci. Amma ba ta miƙa wa babba abu da hagu, ba ta kuma kiran sunan uwata.

In Allah ya yarda za mu zo Kirsimeti, har da surukin. Ina so ka shimfiɗa masa tabarma a zaurenka, ka tambaye shi da kanka ta yaya mutum yake samun ceto, ni zan yi muku tafinta. Ka gaida Inna, ka ce mata daddawar da ta aiko ta iso.