Tambaya da Amsa: Lu'ulu'u daga teku yake fitowa ko daga ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malamar Islamiyya ce a Mabera, cikin garin Sakkwato. Muna karatun Suratur Rahman, muka kai aya ta 22 inda aka ce lu'ulu'u da murjani suna fitowa daga teku, sai wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce ita ta ji a rediyo ana haƙo lu'ulu'u a ƙasar Saliyo. Na rasa amsar da zan ba ta. Mene ne ainihin lu'ulu'u, kuma daga ina kalmar ta zo mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibarki ta ji daidai, ke ma kin karantar daidai, domin abubuwa biyu ne mabambanta Hausar yau ta ɗora wa suna ɗaya.

Kalmar aro ce daga Larabci, inda ake cewa lu'lu', kuma tushenta ɗaya da tala'la'a, wato abu ya yi ƙyalli. Harshen Bahaushe ba ya rufe gaɓa da hamza, shi ya sa ya sanya wasali a bayan kowacce, kalmar ta koma lu'ulu'u, ta zauna daram har wani ya ɗauka ninki ne irin namu na gida. Ta hanyar karatun addini ta shigo, kuma sau 6 ta zo a Alƙur'ani: a Hajji, Faɗir, Ɗur, Rahman, Waƙi'a da Insan.

A duk wuraren nan, abin da ake nufi shi ne ƙwayar nan mai sheƙi da ke samuwa a cikin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, dangin makankari. Idan wani baƙon abu ya kutsa cikin naman halittar, sai ta riƙa lulluɓe shi da sinadarin da take shafe cikin ɓawonta da shi, shafi bisa shafi, har bayan shekaru ya zama ƙwaya. Ba a sassaƙa ta, ba a goge ta, da kyanta ake ciro ta. Wanda ya san wannan zai fi jin daɗin aya ta 23 ta Suratul Waƙi'a, inda aka siffanta lu'ulu'u da maknun, ma'ana wanda yake a killace, hannu bai taɓa shi ba.

Shi kuwa na Saliyo da Botswana dutse ne da ake haƙowa, wanda Larabawa ke kira almas, 'yan kasuwa kuma suke cewa daiman. Asalin sinadarinsa ɗaya da na gawayi, tsananin zafi da matsi a can ƙarƙashin ƙasa suka mayar da shi mafi tauri a cikin duwatsu. Da masu fassarar labarai suka nemi sunan da za su ba shi, sai suka ɗauko kalmar da Bahaushe ya riga ya sani da tsada da ƙyalli. Ban ga laifinsu sosai ba, tun da muna nesa da teku, kuma yawancinmu a littafi muka san lu'ulu'u. Amma a ganina ya kamata malamin tafsiri ya raba su a fili, domin yaron da ya sa hoton daiman a ransa ya riga ya kauce wa ma'anar ayar.

Murjani ma aro ne, daga marjan. Malaman tafsiri sun saɓa a kansa: wasu sun ce ƙananan lu'ulu'u ne, wasu sun ce jan tsakiyar nan ce, kuma wannan ma'ana ta biyu ita Hausa ta riƙe, kamar yadda iyayenmu mata suka san shi a wuya.

Mutanen Bahrain da Ƙatar da Kuwait sun daɗe suna rayuwa a kan nutso don ciro lu'ulu'u, har sana'ar ta durƙushe a shekarun 1930, bayan Japanawa sun ƙware wajen kiwon halittar suna dasa mata baƙon abin da hannu, aikin da wani Bajapane mai suna Mikimoto ya fara cin nasararsa a 1893. Kusan duk na gaske da ke kasuwa a yau na kiwo ne. Sarƙoƙi masu araha da 'yan koli ke bazawa a babbar kasuwar Sakkwato kuwa galibi roba ce ko gilashi da aka shafa wa fenti. Idan kina son nuna wa ɗalibai bambancin, ki goga ƙwayar a hankali a bakin haƙorinki na gaba: ta gaske za ki ji ta da ɗan gurza-gurza kamar yashi mai laushi, ta roba kuwa sulɓi kawai za ta yi.