Ambaliya da katin zaɓe: amsar tambayar Malam

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari tambayar da ka ajiye mana jiya da daddare, inda kake son sanin ko ambaliyar 2022 ce ta hana mutane fitowa zaɓen 2023, tunda ba a taɓa ganin ƙarancin fitowa irin wannan ba tun daga 1999. Ruwa yana da hannu, amma a ganina takarda da hanya da matsuguni ya ƙwace wa mutane, kuma ta nan ya hana su zaɓe.

A damunar 2022 ambaliya ta shafi jihohi fiye da 30, mutane sama da 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma abin ya tsananta ne a Satumba da Oktoba, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, daga cikin mutum miliyan 93 da ɗoriya da ke cikin rajista, kimanin miliyan 25 ne suka fito, wato kashi 27 cikin ɗari, alhali a 2019 an samu kusan kashi 35. Sai dai kada mu manta cewa a wannan watan ne sauyin kuɗi ya sa mutum ya wuni a layin banki bai samu ko kuɗin mota ba, ga kuma wahalar man fetur, don haka ɗora wa ruwa laifin baki ɗaya ba adalci ba ne.

Ka dubi Jigawa da Bayelsa. Duka biyun sun sha ruwa. Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Ringim duk an yi kuka, haka ma Yenagoa, wadda sai da hanyar mota zuwa cikinta ta yanke. Amma Jigawa ta fitar da kusan kashi 40, Bayelsa kuwa ba ta kai 20 ba. Duk da haka ita ma Jigawar ta sauka, domin a 2019 ta haura kashi 50. Wato inda al'adar fitowa take da ƙarfi, ruwa yana rage ta ne, ba ya kashe ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar kati. Hukumar zaɓe ta INEC ta rufe rajista, har da neman canjin katin da ya ɓace ko ya lalace da sauya rumfa, a ranar 31 ga Yuli, 2022, wato tun kafin ruwan ya cika ya batse. Gwaggona tana ajiye katinta ne cikin wata leda tare da katin asibiti, a ƙasan kwallar da take adana zannuwanta. Daren da garu ya jiƙe ya zauna a kan ɗakin, da jikokinta biyu kawai ta fito, suka yi makonni suna kwana a ajin firamare, a kan tabarma ɗaya tsakanin bencina. Malam, wannan makarantar ita ce rumfar zaɓenta. Ranar zaɓe ta je, sunanta yana manne a bango, amma ba kati ba ƙuri'a, haka doka ta ce, ta juyo gida. Wallahi ba na jin cewa ita kaɗai ce. Sashe na 24 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ake aiki da ita a lokacin, ya ɗora wa hukumar nauyin tabbatar da cewa, gwargwadon iko, waɗanda wani bala'i ya raba da muhallinsu ba su rasa ƙuri'arsu ba, sai dai tsarin ya fi amfanar wanda ke sansanin da gwamnati ta sani. Mu kuwa idan ruwa ya ci gida, wurin dangi muke komawa, kuma babu takardar da ke ƙirga wanda ya rakuɓe a zauren ƙanensa a wani gari.

Ba a ko'ina bala'i ke kashe fitowa ba. A Turkiyya girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu, 2023 ta kashe mutane sama da 50,000, amma a zaɓen 14 ga Mayu fiye da kashi 85 suka fito, har waɗanda suka yi hijira suka riƙa komawa garuruwansu da suka rushe a motocin safa domin su jefa ƙuri'a. Fushi da neman a ji kukansu ma yana fitar da mutane, matuƙar akwai hanyar isa akwati.

Saboda haka ra'ayina, duk ƙaramar hukumar da ambaliya ta ci, ya kamata a buɗe mata canjin kati na musamman da zarar ruwa ya janye, ko da an rufe rajista a sauran wurare. 'Yan'uwanmu na Maiduguri da ke cikin wannan zaure, waɗanda fashewar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumba, 2024 ta shafa, don Allah ku tambayi iyayenmu mata ko katinsu yana nan, in babu ku raka su ofishin zaɓe na ƙaramar hukuma duk lokacin da rajista take buɗe. Na gode, Malam, Allah ya ƙara girma.