Filin Tambaya da Amsa: Waɗanne Sadaukai Matasa Suka Fi Ganewa?

Da yawa daga wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun karkata ne ga sadaukan nan na mujallun zane da finafinan Amurka, masu tashi sama da hawa bango da ɗaga mota da hannu ɗaya. Mun ɗauki biyar daga ciki.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni da ƙanena mun daɗe muna musu. Na ce duk cikin sadaukan nan babu wanda matasa suka sani kamar Superman, shi kuma ya kafe a kan Spider-Man. Ku raba mana gardama. Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in ana maganar wanda za a ɗaga hotonsa a kira sunansa nan take, uku ne a sahun gaba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa: Superman, Batman da Spider-Man. Superman ne babbansu. Samari biyu 'yan birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙirƙiro shi, ya fara fitowa a 1938, suka kuma sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 kacal. Batman ya biyo baya a 1939. Spider-Man kuwa sai a 1962, daga hannun Stan Lee da Steve Ditko.

To amma da yake a kan 'yan shekara 13 zuwa 19 kuke musun, a ganinmu ƙanenka ya fi ka kusa da gaskiya. Matasan yau da dama sanin shanu suka yi wa Superman. Sun san harafin S da ke ƙirjinsa, sun san jar alkyabbarsa, amma ka tambaye su jaridar da yake wa aiki, sai ka ga an fara kallon-kallo. Spider-Man kuwa har sunan matar baffansa da ta raine shi za su gaya maka.

Yawan gani ne dalili na farko. Daga 2002 zuwa 2021 an yi finafinai takwas da ke ɗauke da sunan Spider-Man, 'yan wasa uku daban-daban suka sa rigar, ban da na katun guda biyu da suka fito a 2018 da 2023, ban da wasannin bidiyo na PlayStation. Superman fa? Ya yi fim nasa na kansa a 2013, ya leƙo a finafinan haɗaka a 2016 da 2017, daga nan bai sake samun nasa ba sai 2025. Yaron da yake shekara huɗu a 2013 sai da ya kai 16 kafin ya ga sabo. Akwai kuma hannun kasuwanci a ciki. Bayan kamfanin Marvel, mai mujallun Spider-Man, ya durƙushe a 1996, haƙƙin yin fim da Spider-Man ya koma hannun Sony a 1999. A 2015 kamfanonin biyu suka daidaita, aka bar shi ya riƙa fitowa tare da sauran sadaukan Marvel, ke nan manyan kamfanoni biyu ne ke tallarsa a lokaci guda.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Kafin 1962, galibi yaro a irin waɗannan labarai ɗan rakiya ne, kamar Robin a bayan Batman. Peter Parker kuwa, wato yaron da ke cikin rigar Spider-Man, ɗan sakandare ne, maraya, aljihu ba nauyi, ga jarrabawa ga 'yan aji masu cin zali, kuma labarin nasa ne. Batman attajiri ne, Superman daga wata duniya ya zo, shi kuwa wannan damuwarsa irin ta mai kallonsa ce. Sannan rigarsa ta rufe shi ruf daga kai har ƙafa, ba a ganin fuska balle launin fata, kowane yaro na iya ɗauka shi ne a ciki. Shi ya sa da aka kawo Miles Morales a 2011, yaro baƙar fata ɗan unguwar Brooklyn, matasa ba su sha wahalar karɓarsa a matsayin Spider-Man ba.

A sahu na biyu akwai Iron Man, Hulk, Captain America, Thor, Wonder Woman da Black Panther. Iron Man yana nan tun 1963, amma in ban da masu karanta mujallun ba kowa ya damu da shi ba, sai da fim ɗinsa na 2008 ya fito.

Tambaya: Ina koyon zane, kuma ina son in ƙirƙiri sadauki nawa. Me ya sa ake gane wasu ko daga nesa, wasu kuma sai an rubuta suna a ƙasa? Daga wani matashi mai zane.

Amsa: Ƙanenmu, Allah ya sa albarka a hannun. Abu uku za ka riƙe: launi, tambari da inuwa.

Launin yana da tarihi. A shekarun farko ana buga mujallun nan ne a takarda mai araha da tawada kala huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Launin da ba a gauraya shi sosai ba shi ke fita rangaɗau, don haka aka ba sadaukai ja da shuɗi da rawaya, aka bar wa miyagu kore da shunayya, kamar yadda ake gani a jikin Joker da Green Goblin. Hulk ma ruwan toka ne a fitowarsa ta farko a 1962. Maɗaba'a ta kasa fitar da launin iri ɗaya daga shafi zuwa shafi, a fitowa ta biyu aka mayar da shi kore, ya zauna a haka. Kai ma kada ka wuce launi uku: ɗaya ya mamaye jiki, ɗaya ya taya shi, na ukun ɗan kaɗan a tambari ko ɗamara.

Tambari kuma ya zama abin da yaro zai iya zanawa a bayan littafinsa: jemage, gizo-gizo, tauraro, walƙiya. Ka nuna wa yaro ɗan shekara bakwai naka na daƙiƙa biyar, ka ɓoye, ka ce ya zana. In ya kasa, layukan sun yi yawa, ka rage.

Inuwa ita ce masu koyo suka fi mantawa da ita. Ka zana sadaukin a tsaye, ka cike shi da baƙin tawada gaba ɗaya, ka rage shi ya koma tsawon santimita biyu, sannan ka duba abin da ya saura. Batman kunnuwa biyu masu tsini da alkyabba mai yankakken baki sun ishe shi. Thor yana da guduma, Captain America yana da garkuwa mai da'ira, Hulk yana da faɗin kafaɗa, Spider-Man yana da tsugunonsa da yadda yake lanƙwasa yatsu. In naka ya koma mutum kawai a tsaye, da sauran aiki.

Ka kuma kiyayi faɗawa gonar wani. Flash da Shazam dukansu jar riga ce da walƙiya a ƙirji, har yau ana rikita su. Black Panther da Batman, in aka cire alkyabba, inuwar kansu kusan ɗaya ce. Daga ƙarshe ka zana naka sau ashirin, ta gaba da ta baya da ta gefe. Duk adon da ya gajiyar da kai kafin ka gama, cire shi, don a labari guda sau ɗaruruwa za ka maimaita shi.

Tambaya: Ina koyarwa a sakandare, ɗalibaina na son su yi ɗan bincike a kan wannan batu don mujallar makaranta. Yaya za mu tsara shi? Daga wata malama.

Amsa: Malama, wannan aiki ne mai kyau, zai koya musu yadda ake tattara bayani fiye da darasin allo. Ku raba shi zagaye biyu, kuma kada ku sauya jerinsu.

A zagaye na farko ba a nuna hoto. A ba kowa takarda, a ce ya rubuta sunayen sadaukai biyar da suka fara zuwa masa cikin minti ɗaya. Wannan na auna abin da ke zaune a ka. A zagaye na biyu sai a fito da katuna 12 zuwa 15, girmansu ɗaya, kowanne da hoton sadauki a rigarsa, ba suna, a ɗaga kowane kati na daƙiƙa biyar. In kuka fara da hotuna kun ɓata zagayen farko, domin abin da suka gani yanzu-yanzu shi za su rubuto.

Ga wuraren da ake yin tuntuɓe. In aka bar yara suna amsawa da baki, mutum uku masu kaifin murya za su amsa wa aji duka, saboda haka kowa ya rubuta nasa. In aka sa hoton da fuskar ɗan wasan ke a buɗe, ɗan wasan aka gane, don haka zane ya fi. A riƙa juya jerin katunan daga aji zuwa aji, saboda na ƙarshe kan tarar da yara sun gaji. A sa biyu ko uku waɗanda ba su shahara ba, irin su Green Arrow ko Hawkeye, don a ga ƙasan ma'aunin. Kada kuma a tambayi "ka san shi?", kowa zai ce e. Sunan za a nema.

A kowane kati a yi tambaya uku: wane ne wannan, me yake iya yi, a ina ka fara ganinsa. Ta biyun ce za ta raba wanda ya san tambari kawai da wanda ya san labari, ta ukun kuma ta nuna ko fim ne, ko katun, ko wasan bidiyo, ko jakar makaranta. Tambayar wanda aka fi so a ajiye ta daban a ƙarshe, don ganewa daban so daban. A rubuta shekaru da jinsi, ban da suna. In za ku iya, ku nemi aƙalla mutum 100, ku kauce wa makonnin da wani sabon fim ke tashe, ku kuma rubuta a sakamakon cewa na makarantarku ne a wannan zangon.

Tambaya: Ɗana mai shekara 13 ya matsa sai ya kalli Deadpool. Na ga rigarsa kamar ta Spider-Man, ina ce duk na yara ne? Daga wani mahaifi.

Amsa: Malam, madalla da ka tambaya kafin ka amince. Kamannin sun tsaya ne a jar riga da fararen idanu. Finafinan Deadpool uku, na 2016 da 2018 da 2024, duka an ba su alamar R a Amurka, wato wanda bai kai 17 ba ba ya shiga silima sai da babba, saboda zubar da jini a fili da ashar da maganganun batsa. Haka fim ɗin Logan na 2017 da na Joker na 2019. Yara sun san Deadpool ne ta gajerun bidiyo a waya da kuma rigarsa da aka sa a wasan Fortnite a 2020, shi ya sa sunan ya riga fim ɗin isa gare su.

Yawancin finafinan sadaukai na ɗauke da PG-13, alamar da aka shigo da ita a 1984, mai gargaɗin cewa wasu wurare ba su dace da ɗan ƙasa da 13 ba. Amma hukumomi kan saɓa. Fim ɗin Batman na 2022 PG-13 ne a Amurka, a Birtaniya kuwa sai ɗan shekara 15 aka yarje wa. Inda aka saɓa haka, shawararmu ka bi wadda ta fi tsauri. Katun ma ba hujja ba ne, Invincible zane ne amma na manya ne zalla. Wasannin bidiyo suna da tasu lambar a jikin kwali ko shafin saye, a tsarin Turai 3, 7, 12, 16 da 18. Wasan Spider-Man na 2018 lambarsa 16.

Abin yi: ka rubuta sunan fim ɗin da shekararsa a intanet, ka duba alamar da dalilin da aka bayar, ka kalli tallarsa kai kaɗai. In ka hana, ka gaya masa dalili, ka kuma ba shi madadi. Katun ɗin Miles Morales na 2018 PG ne, alamar da ke ƙasa da PG-13 wajen tsauri, ya kuma ci kyautar Oscar, za ku iya zama ku kalla tare.

Tambaya: Kullum maza ake lissafawa. Ina matan? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwarmu, ƙorafinki na kan hanya. Wonder Woman ce kaɗai za a ce tana gogayya da manyan ukun nan wajen ganewa. Tun 1941 take, amma sai a 2017 ta samu babban fim nata na silima, bayan shekara 76. Wanda ba a nunawa ba ya zama a ido, nan matsalar take. Da aka gwada kuma kasuwa ta amsa, fim ɗin Captain Marvel na 2019 ya haura dala biliyan ɗaya.

In kina neman wasu, ki duba Storm, mai sarrafa iska da ruwan sama, wadda ta fara fitowa a 1975, mahaifiyarta 'yar Kenya, ta kuma taso a Alƙahira. Akwai Shuri, ƙanwar Black Panther, wadda ta gaji rigar a fim ɗin 2022. Sai Kamala Khan, Musulma 'yar shekara 16 mai tushe a Pakistan, wadda ta samu mujallarta a 2014 da shirin talabijin a 2022. Ita ce aka gina a kan tsarin da ya ɗaga Spider-Man: 'yar makaranta, ga iyaye masu sa ido, ga aikin gida, ga sirrin da take ɓoyewa.