Littafin da Aka Turo Mini ta WhatsApp, Yaya Zan Sa Shi a Manazarta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar ajin ƙarshe ce a sashen Hausa, ina rubuta kundin digiri. Malamin da ke duba aikina ya maido mini da shafin manazarta jajur da biro, ya ce in bi tsarin APA. Rabin abin da na karanta a intanet na samo shi, wasu littattafan ma ƙawaye ne suka turo mini ta WhatsApp. Ina mafita?
Ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikis salam 'yata. Kwantar da hankalinki, jan biro bai taɓa hana kowa digiri ba.

Manazarta kwatance ce kike yi wa mai karatu don ya je ya ga abin da kika gani. Abu huɗu APA, wato tsarin rubuta manazarta da aka ce ki bi, ke nema: wa ya rubuta, a wace shekara, mene ne sunan aikin, a ina za a same shi. Ga misali da littafin da na san ba za ki rasa shi a kundinki ba: Yahaya, I. Y. (1988). Hausa a rubuce: Tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa. Northern Nigerian Publishing Company. Sunan littafin a karkace ake buga shi. Kin ga ban sa Zariya ba? Bugu na bakwai na APA da ya fito a 2019 ya cire garin maɗaba'a. Malamai da yawa har yau na shida suke bi, don haka ki tambayi naki wanne sashenku ke so kafin ki goge komai. Marubucin da ke ƙare sunansa da sunan gari, kamar Gusau, da shi ɗin za ki fara.

Yanzu ga inda ɗalibai suka fi zamewa. Littafin da ƙawarki ta turo miki littafi ne, WhatsApp ɗan aike ne kawai. Ki buɗe shafin farko da bayansa, ki kwafo suna da shekara da maɗaba'a. In an yanke waɗannan shafukan, sai ki taka zuwa laburare. Google ma haka, ba a sa shi a manazarta.

Maƙalar mujalla kuwa, bayan sunanta sai sunan mujallar, lambar kundinta (volume), fitowa da lambobin shafi. Ki duba ko tana da DOI, wata lamba mai farawa da 10 wadda ba ta canzawa ko da mujallar ta sauya shafinta na intanet. In akwai, ki liƙa ta bayan https://doi.org/ kin gama. Labarin jarida ta intanet yana son shekara da wata da rana, sannan cikakken adireshinsa. In babu sunan mutum amma hukuma ce ta wallafa, sunan hukumar ya wadatar. Rubutun da babu marubuci, babu hukuma, babu shekara, ni dai shawarata ki bar shi inda kika gan shi.

Shafukan intanet suna mutuwa ba sanarwa. Duk wanda kika dogara da shi ki adana kwafinsa a Wayback Machine, shafin da ke taskance kwafin shafukan intanet, tun yau, kada ranar kare kundi a latsa a tarar da wayam.

Ki jera su bisa abacada, sannan ki bi kundin babi-babi da fensir: duk sunan da kika ambata a ciki ki nemo shi a manazarta, wanda kuma ba ki ambata ba ki cire shi.