Zan iya canza man giyar otomatik da filtarsa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da mota mai giyar otomatik wadda na saya a hannu, yanzu ta ci kilomita 140,000, kuma wanda ya sayar mini da ita bai san ko an taɓa canza man giyarta ba. Ni nake yi mata juyen baƙin mai da kaina, ina da jak da sufanu. Da na zaro gejin man giyar sai na ga ya koma ruwan ƙasa, amma ba ya warin ƙuna. Giyar tana shiga lafiya, sai dai da safe takan ɗan yi jinkiri kafin ta kama ribas. Wasu sun ce mini kada in kuskura in taɓa man, wai da zarar an canza shi giyar za ta mutu. Shin gaskiya ne? In kuma ba gaskiya ba ne, zan iya yin aikin a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mutumin da ya saba juyen baƙin mai da hannunsa zai iya wannan aiki a yawancin motoci, kuma yanayin man da ka bayyana, wato ruwan ƙasa marar warin ƙuna, shi ne daidai lokacin da canjin ke da amfani. Sai dai ina so ka sani tun farko cewa kwance noti ba shi ne wahalar aikin ba. Wahalar tana wajen samun irin man da ya dace, da tsabta, da kuma cika man daidai ma'auninsa, domin a waɗannan wurare uku ne mutane suke lalata giyar da take lafiya lau.

Bari mu fara da maganar da aka tsorata ka da ita, domin tana da tushe, ko da yake an juya ta. A cikin giyar otomatik akwai faya-fayen kuloci masu yawa da suke iyo cikin mai, ƙarfin man ne kuma yake matse su su kama juna. Idan giya ta daɗe tana wahala, fuskar faya-fayen takan cinye, garin da ya fito daga jikinsu ya gauraya da man ya sa shi kauri. Wannan datti ne yake taimaka wa faya-fayen da suka riga suka ƙare su ci gaba da ɗan kamawa. Da an zubar da shi an zuba sabon mai mai santsi, sai giyar ta fara zamewa, mai motar kuma ya ɗora wa sabon man laifi, alhali kuwa ciwon ya daɗe a ciki, tsohon man ne kawai yake rufa masa asiri. Saboda haka idan mai ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, kuma inji yana ƙara gudu motar ba ta ja, to canjin mai ba zai warkar da komai ba, aikin ya zama na bakaniken giya. Motarka ba ta kai nan ba, kuma barin man ya ci gaba da tsufa shi ne zai kai ta.

Kafin ka ɗauki sufana, ka nemi littafin motar ka ga sunan man da kamfanin ya rubuta, wani lokaci ma yana nan a jikin gejin. Man giyar otomatik ba iri ɗaya ba ne, ko da kuwa duk ja ne a ido, domin launin rini ne kawai da ake sakawa don a bambanta shi da sauran mayukan mota. Kamfanin General Motors ya fito da Dexron a 1967, ya yi ta sabunta shi har zuwa Dexron VI. Ford yana da Mercon da ire-irensa, Toyota tana da T-IV da WS, Honda tana da DW-1, Chrysler kuma ATF+4. Kowanne an haɗa shi ne da kauri da santsin da faya-fayen wannan giyar suke buƙata, kuma idan aka zuba wanda bai dace ba, giya takan fara fizga ko rawa yayin canji. Idan kuma motar mai giyar CVT ce, wadda ke aiki da bel ko sarƙa a maimakon matakan giya, to nata man daban ne gaba ɗaya, zuba mata man otomatik na yau da kullum kuma yana iya kashe ta.

Sannan ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga irin giyar da kake da ita, domin ba kowace ce ake kaiwa ga filtarta ba. Yawanci akwai kwanon ƙarfe a ƙasan giyar da aka ɗaure da notuna a kewaye, filtar kuma tana bayansa. Amma da yawa daga cikin tsofaffin motocin Honda ba su da wannan kwano, notin juye kawai gare su, filtar tana can ciki inda ba a kai mata sai an warware giyar, don haka mai kaɗai ake canzawa. Wasu giyoyin kamfanin ZF da ke cikin motocin BMW da makamantansu kuwa kwanon roba ne da aka haɗe shi da filtar, sai dai a sayi sabon kwano sukutum. Tun da ka ce motarka tana da geji, aikinka ya zo da sauƙi.

Ka yi aikin a kan daɓe mai ƙarfi wanda ya daidaita, bayan ka ɗan zagaya da motar man ya yi ɗumi. Kada ka kwance shi nan take bayan doguwar tafiya, domin a lokacin zafinsa yakan kai digiri 80 ko fiye, yana kuma saluɓe fata. Ka ja birkin hannu, ka sa weji a tayoyin da ke ƙasa, ka ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi domin riƙe mota. A nan ba na sassauci: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka dogara da bulo, domin yakan farfashe ba tare da ya ba da wata alama ba.

Abu na farko da za ka tabbatar shi ne cewa ka san inda za ka zuba sabon man kuma wurin yana buɗuwa, kafin ka zubar da tsohon. Ka goge kewayen kwanon sosai, ƙasa da ƙura duk su fita. Idan akwai notin juye, ka fara da shi. Idan babu, ka ajiye babban faranti mai faɗi a ƙasa, ka kwance notunan gefe ɗaya, ka sassauta na sauran ɓangarorin, ka bar biyu ko uku suna riƙe da kwanon ta yadda zai karkata man ya zubo ta kusurwa ɗaya. Idan ya manne, ka ɗan bubbuge shi da gudumar roba, kada ka cusa sukundireba tsakaninsa da jikin giyar, domin jikin sau da yawa na alminiyam ne, ƙaramin kwarzane kuma ya isa ya zama yoyon da ba ya ƙarewa. Lokacin sauke shi ka tallabe shi da hannu biyu, don akwai sauran mai a ciki.

Idan kwanon ya sauko, kada ka yi gaggawar wanke shi. Ka kai shi cikin haske ka dube shi da kyau, domin babu wani abin da zai gaya maka lafiyar giyarka kamar abin da ya kwanta a ƙasansa. Za ka ga ƙaramin maganaɗisu ɗaya ko fiye, a jikinsa kuma wani abu mai launin toka kamar kwalli da aka kwaɓa da mai. Ka shafo shi ka murza tsakanin yatsunka. Idan laushi gare shi kamar laka, ba ka jin komai yana sukarka, to wannan cin ƙarfe ne na yau da gobe, kowace giya tana yin sa. Idan kuwa ka ji tsini, ko ka ga ɓarɓashi yana ƙyalli, ko gutsattsari masu launin tagulla, ko baƙin ɓawo mai yawa kamar na ƙonannen abu, to wani abu yana karyewa a ciki. A irin wannan hali ka ƙarasa aikin, amma ka ajiye abin da ka gani ka nuna wa bakanike tun motar tana tafiya da ƙafarta.

Filtar takan fita da kwance notuna kaɗan, wata kuma cusa ta kawai aka yi, sai a murɗa a ja. Mai zai ƙara zubowa, don haka kada ka janye farantin. Ka lura da zoben robar da ke wuyanta, domin yakan maƙale a cikin ramin ya ƙi fitowa tare da ita. Idan aka ɗora sabon zobe a kan tsohon, ko aka manta ba a sa ba, famfon giyar zai riƙa zuƙar iska tare da mai, motar ta riƙa kuka tana jinkirin kamawa. Ka shafa wa sabon zoben ɗan sabon mai kafin ka zaunar da filtar. Ka wanke kwanon da maganaɗisun tas, ka bar su su bushe, ka mayar da maganaɗisun inda ka same shi. Kada ka goge cikin giyar da tsumma mai zubar da zare, domin hanyoyin man da ke cikin bawul-bawul ɗinta ƙanana ne ƙwarai, silin zare ɗaya yana iya sa wani ya maƙale.

Wajen mayar da kwanon, ka kankare ragowar tsohon gaskit, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a bakin kwanon, da abin roba, ka sa sabo, kada kuma ka lafta gam sai in kamfanin ne ya ce da gam ake rufe wannan giyar. Ka fara ɗaura dukkan notunan da hannu, sannan ka bi su kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai wanda ke fuskantarsa. Waɗannan notuna ƙanana ne, ƙarfin da suke so yakan kasance wajen Nm 8 zuwa 12 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), wanda bai wuce abin da wuyan hannu zai yi ba. Mutane da yawa suna zaton ƙara matsewa ne ke hana yoyo, nan kuwa shi ne ke lanƙwasa bakin kwanon ya tsage gaskit ɗin.

Yanzu sai cikawa. Ka auna man da ya fito da galan mai alamar lita, ka zuba sabo daidai wannan adadi ta bututun gejin da mazurari mai tsabta. Ka sauke motar, ka tayar da inji, ka taka birki, ka bi da sandar giya ta kowane matsayi kana tsayawa daƙiƙa kaɗan, sannan ka mayar da ita P. A yawancin motoci ana duba gejin ne inji yana aiki, man ya yi zafi, motar kuma tana kan wuri madaidaici, amma a motocin Honda masu geji ana dubawa ne jim kaɗan bayan an kashe inji, shi ya sa na ce ka riƙe littafin kusa da kai. Ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan man ya gaza giya za ta zame, idan kuma ya yi yawa sassan da ke juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, mai kumfa kuwa ba ya matse kuloci. Bayan ka yi tafiya ta minti goma sha biyar, ka sake duba gejin, ka kuma leƙa bakin kwanon ko yana naso.

Kada ka yi mamaki idan ka ga abin da ya fito bai wuce lita uku ko huɗu ba. Sauke kwano yakan fitar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin man ne kawai, sauran yana cikin kombata, wato abin da ke tsakanin inji da giya yana isar da ƙarfin injin ga giyar, da kuma bututun da ke kai shi lagireto ya huce. Ga motar da ba a san tarihinta ba kamar taka, wannan canji na sannu a hankali ya fi mini kwanciyar hankali a kan na'urar da ake amfani da ita a tura mai ya wanke giyar gaba ɗaya lokaci guda. Idan kana son man ya ƙara tsabta, ka yi tafiyar kilomita ɗari biyar ko dubu, ka sake juye man kaɗai ba tare da taɓa filtar ba. Idan kowane juye yana fitar da kashi 40 cikin 100, bayan na uku tsohon man da ya rage bai wuce kashi 22 ba. Jinkirin ribas na safe yana iya raguwa bayan haka, musamman idan filtar ce ta fara toshewa, amma idan ya ci gaba, to mai yiwuwa robobin cikin giyar ne suka taurare. Tsohon man kuwa ka zuba shi a galan mai murfi ka kai inda ake karɓar tsohon man mota, kada ya shiga kwata ko ƙasa.

Tambaya: Malam, tawa motar ba ta da geji ko kaɗan, an ce mini man nata na har abada ne. Haka ne?

Amsa: Babu man da zafi da shekaru ba sa tsufar da shi, musamman a motar da ke yawan tsayawa cikin cunkoso ko jan kaya. Irin wannan giya ana cika ta ne ta wani noti a gefenta, a kuma gane ta cika idan man ya fara ɗigowa ta ramin awo, inji yana aiki, motar tana ɗage a daidaice, man kuma yana kan zafin da kamfanin ya ƙayyade, wanda a motoci da dama yake kusa da digiri 40. Man yana kumbura idan ya yi zafi, don haka in ba ka da na'urar da za ta nuna maka zafinsa, ma'aunin zai kuskure. Wannan kam, in ba ka da kayan aikin, ka bar wa bakaniken da ke da su.

Tambaya: Na duba man giyata na ga ya koma fari-fari mai ratsin ja, kamar an zuba masa madara. Canji zai wadatar?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kuma ka ajiye motar daga yau. Ruwan lagireto ne ya shiga man, galibi saboda bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireton ya fashe. Ruwa yana ɓanɓare fuskar faya-fayen kuloci daga jikin ƙarfensu, kuma kowace tafiya tana ƙara ɓarnar. Sai an canza lagireton tukuna, sannan a wanke giyar da bututunta har man ya fito ja tsantsa, kuma gara a jawo motar zuwa wurin gyara da a tuƙa ta.