Matata ta musulunta tana da hannun jari a ƙaramin kamfanin giya, ga babban kamfani zai saye shi

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, ina auren wata Baturiya da ta musulunta shekara 3 da suka wuce. Tun a 2014, kafin mu haɗu, ita da yayanta suka kafa ƙaramar masana'antar giya irin waɗanda suka yawaita a nan. Ta zuba fam dubu 20 aka ba ta kashi 10 cikin 100. Ba ta aiki a wurin, amma akan turo mata ribarta, kuma ta ci gaba da karɓa bayan ta musulunta don ba ta san hukuncin ba. Yanzu wani babban kamfanin giya zai saye masana'antar, rabonta zai kai fam dubu 180. Lauya ya ce a yarjejeniyarsu akwai sharaɗin cewa idan masu rinjaye suka sayar, dole masu ƙaramin kaso su bi. Wani ya ce mini a mazhabar Abu Hanifa kuɗin halal ne tunda nan ba ƙasar Musulunci ba ce. Haya muke zaune, kuma ina so in kai mahaifiyata Hajji. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tabbatar da maiɗakinka a kan Musulunci, ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin kuɗin su shigo hannu.

Haramcin sayar da giya da mallakar hannun jari a kamfanin da sana'arsa ke nan ba abin saɓani ba ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta faɗi haka a zamanta na Jidda a 1992. Ba zan ja ka a nan ba. Abin da ke juya hukunci a wasiƙarka shi ne lokaci: matarka ta sa kuɗinta tana Nasara, shekaru kafin ta yi kalmar shahada. Wannan ya raba ta da Musulmin da ya je da idonsa ya sayi jari a kamfanin giya. Duk ribar da ta karɓa kafin ta musulunta tata ce, halal, babu abin da za ta fitar. Sahabbai sun shigo Musulunci da dukiyar da suka tara ta riba da cinikin giya, Annabi (SAW) bai ce da kowa ya amayar ba. Abin da ta karɓa bayan musuluntarta cikin rashin sani ma, ra'ayin da na fi natsuwa da shi, wanda Ibn Taimiyya ya ƙarfafa, shi ne an yafe mata, domin Allah ya ce wanda wa'azi ya zo masa ya hanu, to abin da ya wuce nasa ne. Sabuwar musulunta a garin da ba ta da mai karantar da ita ta fi kowa cancantar wannan uzuri. Amma daga ranar da ta sani uzurin ya ƙare.

Sai maganar sa hannu. Ta sa. Zamanta cikin kamfanin shi ne laifin da ke ci gaba, wannan cinikin kuwa ƙofar fita ce, ga shi kuma lauya ya ce ko ta ƙi za a sayar. Ta yi niyyar rabuwa da haram, kada ta shiga cikin masu ja-in-ja don a ƙara farashi. Ku kula da abu biyu da irin wannan ciniki ya saba zuwa da su. Wani lokaci a kan biya wani ɓangare da hannun jarin babban kamfanin maimakon tsabar kuɗi, wani lokaci kuma a jinkirta wani kaso a ɗaura shi a kan yawan giyar da za a sayar a shekarun gaba. Na farko fita ne daga ƙaramin kamfanin giya zuwa babba, na biyu kuma zai sa ta zauna tana fatan kasuwar giya ta yi kyau. Ta ƙi duka biyun, ta nemi a sallame ta gaba ɗaya ko da abin da za ta samu ya ragu.

To fam dubu 180 ɗin fa? Jarinta na fam dubu 20 nata ne ba tare da wata shakka ba. Na ƙara mata da rabonta daga abin da yake dukiya ce halal a kan kansa kuma kamfanin ya riga ya mallake shi ranar da ta musulunta: gini idan nasu ne, motoci, kuɗin da ke banki. Ku sa akanta ya fitar da wannan daga lissafin shekarar, kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage bayan an cire bashi. Ragowar, wato kuɗin giyar da ke ajiye da kuɗin sunan kamfanin, ba nata ba ne. Kuma kada ka yi mamaki in ka ga ragowar ce mafi yawa, haka irin wannan ciniki yake. Sa'ad da babban kamfanin giya na AB InBev ya sayi ƙaramin kamfanin Goose Island na Shikago a 2011 a kan dala miliyan 38.8, ko ya sayi Camden Town na Landan a ƙarshen 2015, ko kamfanin Constellation ya biya dala biliyan 1 a kan Ballast Point a 2015 ɗin, ba tankuna suka rasa ba, suna da manyan da suka ninka waɗannan. Suna sayen sunan da mashaya suka amince da shi ne, don su zuba shi a manyan kantuna da gidajen giya da ƙaramin kamfani ba ya iya kaiwa. Kuɗin suna a nan kuɗin giyar da za a sayar gobe ne, an biya tun yau.

Yanzu ga maganar da aka kawo maka. Wanda ya faɗa maka bai yi wa Imam Abu Hanifa ƙarya ba. Shi da almajirinsa Muhammad ɗan Hasan sun halatta wa Musulmin da ya shiga ƙasar yaƙi, wato ƙasar da ba ta ƙarƙashin mulkin Musulunci, da aminci ya karɓi dukiyar mutanenta da yardarsu ta hanyar cinikin da ba ya inganta a ƙasar Musulunci, har da riba da kuɗin giya. Ra'ayi ne na babban malami, ana ambatonsa da ladabi. Sai dai ba zan ba ka fatawa da shi ba.

Hadisin da aka dogara da shi, cewa babu riba tsakanin Musulmi da ɗan ƙasar yaƙi a can ƙasarsu, Makhul, ɗaya daga tabi'ai, ne ya ruwaito shi ba tare da ambaton sahabi ba, Imam Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, bai bi malaminsa a nan ba, Malik da Shafi'i da Ahmad duk sun hana. Ba a keɓe ayoyi da hadisai ingantattu da ruwaya irin wannan. A Sahihu Muslim, mutumin da ya kawo wa Annabi (SAW) salkar giya kyauta, da aka gaya masa an haramta, sai ya yi wa na kusa da shi raɗa ya je ya sayar. Wa zai sayar wa a ranar in ba wanda ba Musulmi ba? Duk da haka aka ce masa wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita. Abu Ɗalha ma ya yi tambaya game da marayun da suka gaji giya, aka ce ya zubar, alhali babu dukiyar da shari'a ke tsarewa kamar ta maraya.

Sannan ka duba tushen ra'ayin. An gina shi ne a kan cewa dukiyar ɗan ƙasar yaƙi ba ta da kariya tun asali, yardarsa kawai ake nema don kada a yi ha'inci. Kai da kake zaune da takardar izini, kake sallar Juma'a a fili, kake kai ƙara kotunsu a bi maka haƙƙinka, za ka iya duban surukanka ka ce dukiyarsu ba ta da kariya? Matarka 'yar ƙasar ce, yayanta abokin cinikinta ne. Ba a ɗaukar 'ya'yan hukunci a jefar da tushensa. Kuma ra'ayin yana magana ne kan giyar da za ta ƙare a cikin waɗanda ba Musulmi ba, alhali wannan za ta shiga kantunan Bradford da Birmingham ne, inda 'ya'yan Musulmi ke wucewa kullum, wasunsu kuma Allah ya jarrabe su da sha. Wataƙila a kawo maka maganar Sayyidina Umar da ya ce wa ma'aikatansa su bar 'yan amana, wato waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin kariyar daular Musulunci, su sayar da giyarsu a karɓi haraji daga kuɗin. A can giyar ta ɗan amana ce, shi ya sayar, Musulmi ya karɓi haƙƙinsa daga hannunsa. A nan mai kason Musulma ce. Shi ya sa kuɗin yayan nata, idan ya ba ta kyauta da gaske daga aljihunsa ko ta ci abinci a gidansa, babu laifi, matuƙar ba dabara aka shirya ta mayar masa da kason don ya dawo mata da kuɗin ta bayan gida ba.

Na san wani a gida zai ce ai muna shan Maltina, kuma Nigerian Breweries ne ke yin ta, wanda Heineken ke da rinjaye a cikinsa. Sayen abin sha na halal daga hannun mai sayar da haram daban, zama ɗaya daga masu kamfanin daban. Haka nan rigimar da mashaya ke yi a can, cewa mai ƙaramin kamfani ya ci amanarsu in ya sayar wa babba, ba ta shafe ku ba. Giyar ƙaramin kamfani ba ta fi ta babba tsarki ba.

Ragowar kuɗin a fitar da su ga talakawa, masu bashi, marasa lafiya, ko aikin ruwa da makamantansu, da niyyar tsarkake dukiya. Ku fara cire harajin da gwamnati za ta ɗora a kan cinikin, ku ajiye takardun komai, kada kyakkyawar niyya ta jefa ku cikin matsala da hukuma. Malamai irin su Nawawi, yana cirowa daga Gazali, sun yarda mai tuba in shi kansa mabuƙaci ne ya ɗauki gwargwadon buƙatarsa. Zaman haya shi kaɗai ba talauci ba ne. Idan albashinka na riƙe gidan, wannan rangwamen bai hau kanku ba. Idan kuwa akwai bashi mai nauyi a kanta ko abinci na gagara, ta ɗauki abin da zai toshe, ta san Allah na ganin ma'aunin.

Akwai abin da na lura da shi a wasiƙarka, ɗan'uwa, ka yi haƙuri in faɗa. Ka ce kana so ka kai mahaifiyarka Hajji, buri ne mai kyau, amma ko halal ɗin da ya rage dukiyar matarka ce, ba taka ba, sai abin da ta ba ka da daɗin rai. Hajiya ta fi cancantar kujerar da ka biya da guminka, ko da za a jinkirta. Kuma ban ji muryar matar a tambayar ba. Mace mai shekara 3 a Musulunci za a ce ta saki fiye da fam dubu 100, a gaban danginta da wataƙila tun farko suke ganin addinin ya ƙwace musu 'ya. Kada ka kai mata wannan amsa kamar hukuncin kotu. Ka zauna da ita, ka fara da abin da aka halatta mata, ka haɗa ta da malami ko malama mai jin Turanci a kusa da ku ta yi tambayoyinta da bakinta. Idan ta kasa fitar da kuɗin gaba ɗaya a lokaci guda, a ware su a asusu na daban marar kuɗin ruwa, ta riƙa fitarwa a hankali. Kada kuma ta yanke zumunci da yayanta saboda wannan, ta ci gaba da ziyartarsa, ta dai guji zama inda ake sha.

Wallahu a'alam.